Kundin zango: abin da nake nema daga ɗalibai a darasin tsofaffin rubuce-rubucen hannu

13 ga Janairu, 2025

Yau na miƙa wa shugaban sashe tsarin darasin da zan koyar wa 'yan aji uku a wannan zango, darasin rubuce-rubucen hannu na zamanin tsakiya, daga ƙarni na 7 zuwa ƙarshen na 15. Wannan ne karon farko da sashenmu zai koyar da shi a matsayin darasi mai cin gashin kansa. A da mako ɗaya ake ba shi a cikin darasin hanyoyin binciken tarihi, a ambaci Timbuktu a wuce. Abokan aiki daga wasu jami'o'i sun nemi in riƙa sanar da su yadda ake ciki, shi ya sa na buɗe wannan kundi.

Dokar jami'a ta raba maki kashi biyu, 60 na jarrabawar ƙarshe, 40 na aikin zango. A kan waɗannan 40 ɗin nake da ta cewa, kuma ba na son su tafi a gwajin hadda. Kaso mafi tsoka, maki 15, na ɗora shi a kan siffanta littafi guda: ɗalibi ya ɗauki rubutun hannu ɗaya ya faɗi a kan me aka rubuta shi, fata ko takarda, faɗin warƙa da tsawonta, wurin da rubutu ya ci, layi nawa a shafi, wane irin rubutu ne, tawada kala nawa, me ke gefe, me ya ɓata, me ya ci shi. Maki 10 na kwafe shafi biyu harafi da harafi. Wasu 10 na muƙabala, wato gwada kwafi uku na nassi ɗaya a ga inda suka saɓa. Ragowar 5 na aikin hannu ne, kowa ya fiƙe alƙalaminsa ya rubuta shafi da tawadar da ajin ya dafa da kansa.

Shugaban sashe ya karanta ya ɗago kai. "Dakta, to ina gwajin aji? Mai duba jarrabawa daga waje zai tambaya fa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kowane aiki zai zo a rubuce da sa hannun mai shi, kuma zan zaunar da kowa ya kare abin da ya rubuta da bakinsa."

Ya amince, da sharaɗin a adana ayyukan a fayil.

Ƙa'ida ɗaya na sa a saman takardar da zan raba musu. Duk jimlar da ta ce littafi ya kai shekara kaza, ko daga gari kaza ya fito, dole ta zo da hujjar da ke jikin littafin. "An ce" ba ta da maki. Wanda ya duba da kyau ya rubuta cewa takardar ba ta nuna masa shekarunta ba, ya fi samun maki a wurina a kan wanda ya rubuta shekara 500 don kawai haka ya ji.

20 ga Janairu

Zama na farko. Ɗalibai sun haura talatin, har da wasu daga sashen Larabci da suka nemi a bar su su zauna. Kafin in ce komai na haska shafi biyu a bango. Ɗaya daga Alƙur'anin da Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 Hijiriyya, wato 1000 zuwa 1001 Miladiyya, wanda ke ajiye a ɗakin karatu na Chester Beatty a Dublin. Ɗayan kuma shafin Risala ne, littafin fiƙihun Malikiyya, da aka kwafa a nan ƙasarmu da rubutunmu mai kauri. Na ce wa zai karanta.

Nan take ajin ya tsage gida biyu. 'Yan Islamiyya, waɗanda suka tashi da bugun Madina, suka karanta na Bagadaza ba gargada duk da ya haura shekara dubu, suka zo kan namu suka cije. Fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama su suka fara kayar da su, duk inda suka ga ƙaf sai su karanta fa. Waɗanda suka yi makarantar allo kuwa, suka sha babbaƙu da farfaru a gaban malam, ko gezau. Wani saurayi da ke can baya, wanda tun aji ɗaya ban taɓa jin muryarsa ba, ya karance shafin tas har da ƙananan rubutun da ke tsakanin layuka. Da aka tashi ya biyo ni ya ce, "Malam, wai wannan ma ana ba shi maki?" Na ce ana ba shi, kuma ajin nan na buƙatarsa. Abin ya tsaya min a rai. Yaron nan yana ɗauke da ilimin da masu bincike a Turai ke kwashe shekaru kafin su samu, kuma shekara uku yana jami'a ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Na kasa su uku-uku, kowane rukuni da ɗan allo guda. Akwai waɗanda ba su da Larabci sam, cikinsu har da ɗalibai Kiristoci, kuma ba a bar su a baya ba, don siffanta littafi da ido da ma'auni ake yi kafin a zo kan karatu. Biyu daga cikinsu sun zaɓi Littafin Kells, Linjila huɗu da harshen Latin da aka rubuta wajen shekara ta 800, mai warƙa 340, wanda kwalejin Trinity ta Dublin ta sa hotunansa a intanet kyauta. Idan an zo aikin kwafi za su yi da waƙar Hausa ta ajami, tunda harshen nasu ne, haruffa kawai za su koya. Mus'hafi kuwa a hoto kaɗai za mu dube shi a aji. Abin da za a taɓa da hannu littattafan fiƙihu ne da nahawu da waƙoƙi da wasiƙu.

27 ga Janairu

Maganar hotuna ta cinye makon nan. Kuɗin data ba zai bar ɗalibi ya riƙa buɗe manyan hotuna kullum ba, don haka na sauke abin da ake buƙata a kwamfutata na ba wakilin aji. Na hana a tura su ta WhatsApp a matsayin hoto, domin yana matse su har ɗigo ya narke, sai dai a tura a matsayin fayil. Mun ɗauko wasu daga shafin Gallica na ɗakin karatun ƙasar Faransa, inda littattafan da sojojin Faransa suka kwashe daga Segu ta ƙasar Mali a 1890 suke. Na gargaɗe su cewa duk hoton da ya zo baƙi da fari ba a yi masa maganar launin tawada, duk wanda kuma ba a ajiye ma'auni a gefensa ba, ba a ƙiyasta masa girma da ido. A rubuta cewa hoto aka gani, ba littafin ba.

3 ga Fabrairu

Makon fata. Kafin takarda ta yaɗu, a kan fata ake rubuta littafi, daga Ingila har Ƙairawan da Sana'a. Ba fatar jima ba ce irin wadda majema ke tausasawa da bagaruwa. Ita wannan jiƙa ta ake yi har gashi ya saki, a kankare, a ɗaure ta a katako a ja ta ta bushe a miƙe, a sake kankarewa har ta yi sirit. Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu fatar ganga ce, don haka na samo ƙyallen fatar akuya daga wani mai haɗa ganguna, ta zaga ajin hannu zuwa hannu. Cikin ɗan lokaci kowa ya iya bambance gefen gashi, mai duhu-duhu da ƙananan ɗigo inda gashi ya tsiro, da gefen tsoka mai haske da santsi.

Na ba su labarin Baibul ɗin da ake kira Amiatinus, wanda aka rubuta a gidajen sufayen Kirista na Wearmouth da Jarrow a arewa maso gabashin Ingila kafin shekara ta 716, yanzu yana Florence ta Italiya. Warƙarsa ta haura 1,000, nauyinsa kusan kilo 34, kuma ya ci fatun maruƙa sama da 500. Na ce su lissafa kuɗin maruƙa 500 a kara yau. Daga nan ba wanda ya sake tambayar dalilin da ya sa mutanen da suke kankare tsohon rubutu su yi sabo a kansa, kamar yadda aka gani a wasu fatun da aka gano a babban masallacin Sana'a a 1972.

Sai aikin ninki. Kowa ya ɗauki fallayen takarda ya shafa wa gefe ɗaya fensir a matsayin gefen gashi. Marubutan Turai galibi falle huɗu suke ninkewa su ba da warƙa takwas, kuma suna jera su yadda duk inda ka buɗe, gashi na kallon gashi, tsoka na kallon tsoka. Masu kwafin Alƙur'ani na ƙarnonin farko kuwa sun fi ninke falle biyar su ba da warƙa goma, gefen gashi duk yana fuskantar waje ɗaya. Amfanin sanin wannan a fili yake. Idan ka buɗe littafin Turai ka ga gashi na kallon tsoka, to an cire warƙa ko an ƙara wata a wurin, ko da rubutun bai nuna maka ba. Irin wannan lura nake son gani a aikinsu.

Mun rufe da warƙoƙi biyu na Alƙur'ani da ke jami'ar Birmingham, waɗanda a 2015 gwajin kimiyya ya nuna fatarsu ta faɗo tsakanin 568 da 645 Miladiyya. Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ke nan a zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, aka rubuta su?" Na ce gwajin yana faɗin lokacin da dabbar ta mutu ne, ba ranar da alƙalami ya hau fatar ba, kuma tazara ya bayar, bai tsayar da shekara ɗaya ba. Abin da ke ƙara masa ƙarfi shi ne rubutun irin na Hijaz ne, mai karkatattun alifai, wanda aka san na farko-farko ne. Hujja biyu ke nan suka haɗu, kuma kowacce da iyakar da za ta iya kai ka.

10 ga Fabrairu

Makon takarda, kuma a nan darasin ya iso gida. Takarda ta taso daga Sin, ta shigo ƙasashen Musulmi ta Samarƙand a ƙarni na 8, kafin ƙarshen ƙarnin ana yin ta a Bagadaza, zuwa ƙarni na 12 garin Shaɗiba na Andalus ya shahara da ita. A Leiden ta ƙasar Holan akwai littafin hadisi a kan takarda mai ɗauke da tarihin 252 Hijiriyya, wato 866. Takardun ƙasashen Musulmi na wancan zamani ba su da tambari a cikinsu. Masu yin takarda na Fabriano a Italiya ne suka fara ɗinka zanen waya a jikin rariyar da ake ɗebo ɓarzar takarda da ita, wajen 1282, yadda wurin zai fi sirantaka, idan ka ɗaga ta a haske sai zanen ya bayyana. Ƙa'idar da na ce su riƙe ita ce, takarda mai irin wannan tambari ba za ta girmi ƙarshen ƙarni na 13 ba, komai aka faɗa a kanta.

Daga nan muka shiga abin da nake ganin shi ne zuciyar darasin, wato shekarun nassi daban, shekarun kwafi daban. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu har gobe 'yan zamanin tsakiya ne. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya rasu a 996. Alƙali Iyad mai Ashafa a 1149. Alfazazi mai Ishiriniya a 1230. Amma kwafin da ke cikin gafakar kakanninmu mafi yawansu na ƙarni na 19 ne. Nasihar da Almaghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15 ta hannun masu kwafi na baya ta iso mana. Cikin tsofaffin littattafan yankinmu masu tarihi a jikinsu akwai wani Alƙur'ani na Borno mai ɗauke da shekara ta 1080, wato 1669, da fassarar tsohon Kanembu a tsakanin layukansa. Wannan ba ya rage wa namu daraja ko kaɗan. Yana nuna cewa sana'ar da injin ɗab'i ya kashe a Turai tun ƙarni na 15 ta ci gaba da numfashi a nan, kuma ɗalibaina na iya zuwa su zauna gaban mai yin ta, abin da ɗalibin Ingila ba zai samu ba.

15 ga Fabrairu

Na kai rukuni biyu gidan wani dattijon malami a cikin gari, wanda ya gaji littattafan kakansa. Sauran za su je a makonni masu zuwa, don zauren ba zai ɗauki taro ba. Tun a mota na maimaita musu dokoki. A wanke hannu a bushe shi sarai. Fensir kawai, ba biro. Ba ruwan leda a kan tabarma. Ba lasar yatsa don buɗe shafi. Ba wanda zai miƙa hannu sai mai gida ya miƙo.

Muka gaisa, na ce, "Allah gafarta Malam, ga ɗaliban da na yi maka maganarsu." Ya sa jikansa ya jawo adaka. Ya zaro gafaka, ya fito da tadarishi, wato bangon da warƙoƙin littafin ke ciki, ya warware igiyar fatar da ta naɗe shi a hankali. Ɗaliban da suka saba ganin littafi a ɗinke suka yi tsit da suka ga warƙoƙi sake, ba zare ba danƙo. Na nuna musu abin da ke riƙe da tsarin: a ƙasan bayan kowace warƙa mai kwafi ya rubuta kalmar da za ta buɗe ta gaba. Aikinsu na farko shi ne bin waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ana kifa wadda aka gama a gefe guda. A wuri biyu kalmar ba ta haɗu da ta gaba ba. A ɗaya warƙar ta koma can ƙarshen littafi ne, suka gano ta. A ɗayan ta tafi ke nan.

Gara ta ci kusurwar ƙasa ta warƙoƙin farko. Abin da ya fi gara ɓarna shi ne salatif da wani mai kyakkyawar niyya ya liƙa a kan wata yagewa shekarun baya. Ledar ta ɓare ta bar tabo ruwan ƙasa da ya ratsa har baya, ya janye tawadar layi guda. Jikan Malam ya ce yana tunanin kai warƙoƙin a rufe su da leda a shagon buga takardu. Na roƙe shi don Allah kada ya yi, zafin injin da danƙon ledar ba sa fita.

Malam ya ce kakansa ya zo da littafin daga Gabas, kuma ya fi shekara 500. Ban yi masa musu ba, kuma na riga na gaya wa ɗalibai kada wanda ya yi. Maganar mai littafi riwaya ce mai daraja, ita ke faɗa mana hannuwan da littafin ya bi, kuma tana da gurbinta a aikin siffantawa, da sunan riwayar mai gida. Gurbin hujjar takarda daban ne. Na nemi izini, wata ɗaliba ta kunna fitilar wayarta ta riƙe ta nesa kaɗan a bayan wata warƙa da ba ta cika rubutu ba. Jinjirin wata uku suka fito a jere, babba, matsakaici, ƙarami, ga kuma siraran layukan rariya a kwance da wasu masu tazara a tsaye. A wata warƙar haruffan A da G suka bayyana, alamar gidan Galvani na yankin Pordenone a arewacin Italiya, waɗanda takardarsu ta cika kasuwannin ƙasar nan a ƙarni na 19 ta hanyar Tarabulus da Masar. Malam ya ce a miƙo masa tabaransa. Ya daɗe yana kallo, ya ce shekara sittin yana buɗe littafin nan bai taɓa sanin akwai wata a cikinsa ba. Sai ya sa aka fito da wasu biyu a haska masa.

Ya yarda a ɗauki hoto da sharaɗi biyu: kada a sa a Facebook, kuma akwai wasu warƙoƙi na laƙani da ya ware ya ce ba na ɗauka ba ne. Mun rubuta sharuɗan, kowa ya sa hannu.

24 ga Fabrairu

Ayyukan siffantawa sun fara shigowa. Guda ɗaya ya cancanci a tsaya a kansa.

Wata ɗaliba mai ƙoƙari ta zo ofis da murnarta, ta ce ta samo waƙar wa'azi da aka rubuta a 532 Hijiriyya, wato 1137 zuwa 1138. A baitin ƙarshe mawaƙin ya ba da ramzi, wato faɗin shekara da haruffa maimakon lambobi, da haruffa huɗu, shin, ra, lam, ba. Ta duba jadawalin hisabi a intanet ta ga shin 300, ra 200, lam 30, ba 2, ta haɗa. Lissafinta daidai ne a jadawalin mutanen Gabas. Amma malamanmu da hisabin Magrib suke aiki, wanda ya saɓa wa na Gabas a haruffa shida, kuma a cikinsa shin 1000 ne. Sai shekarar ta koma 1232, wato 1816 zuwa 1817, shekarar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu. Harafi ɗaya ya ɗauke shekara 700.

Ban gaya mata amsar kai tsaye ba. Na ce ta karanta min abin da ita da kanta ta rubuta a kan takardar. Ta karanta: akwai tambarin wata uku. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai ba a fara tambari ba sai 1282." Da hannunta ta rushe shekararta. Na ƙara mata da cewa ko 1232 ɗin shekarar da aka wallafa waƙar ce, mai kwafi yakan ɗauko ramzin yadda ya same shi ko da bayan shekara hamsin ne. Ta samu 12 cikin 15, domin ta auna, ta haska, ta rubuta abin da ta gani ba tare da ta ɓoye wanda ya saɓa wa ra'ayinta ba. Na nemi izininta mu yi wannan misali a aji, ta yarda.

A ɗaya gefen, akwai ayyuka kaɗan da suka zo da sakin layi masu santsi a kan muhimmancin littattafan Timbuktu da gudummawar Afirka ga ilimi, ba santimita ko ɗaya a ciki. Wasu daga intanet aka kwaso, wasu da alama manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta. Ban tsaya jayayya ba. Na buɗe hoton littafin na ce, "Nuna min inda ka ga wannan." Na mayar musu ba maki, su sake, mako ɗaya.

10 ga Maris

Azumi ya kama tun farkon wata, mun mayar da zama zuwa safe. Yau aka yi aikin hannu a bayan sashe, a inuwar darbejiya.

Tawadar allo ta gawayi da ƙaro an yi ta ne don ta wanku, littafi kuwa wadda za ta zauna yake so. Tun makon jiya muka daka kwanson bagaruwa muka jiƙa, yau aka tafasa da kashin maƙera, aka tace, aka zuba ƙaro. Ruwan ya hau takarda fari-fari, kafin a ƙirga ashirin ya fara duhu a gaban idonsu. Na gaya musu wannan haɗin ɗaya ne da na marubutan Turai, sai dai su da ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak suke samun abin da mu muke samu a bagaruwa, ƙaron kuma daga ƙasashen zafi ake kai musu. Idan ƙarfen ya yi yawa tawadar na cin takarda, shi ya sa za ka ga tsohon littafi da haruffa sun zama huji.

Fiƙe alƙalamin gamba ya ba su wuya fiye da yadda suka zata. 'Yan allo suka zama malamai, suna zagawa da reza suna gyara wa 'yan'uwansu tsaga. Kowa ya kwafi shafi mai layi goma sha biyu, kuma na ce ya rubuta lokacin da ya ci da kurakuran da ya yi. Kusan kowa ya tsallake kalma ko ya maimaita. Wannan nake nema da maki biyar ɗin, ba kyan rubutu ba. Wanda idonsa ya taɓa zamewa daga wata kalma zuwa irinta a layi na gaba zai gane wannan kuskure idan ya gan shi a littafin wani, kuma zai rage ganin laifin mai kwafi.

17 ga Maris

An karɓi aikin kwafi. Matsala ɗaya ce ta mamaye shi, kuma ta fi yawa a wurin waɗanda suka fi iya Larabci: suna gyara wa mai kwafi. Ya rubuta kalma da sin, su sun san da sad take, sai hannunsu ya rubuta sad. Na cire rabin maki a kowane gyara. Wani daga sashen Larabci ya ce, "Malam, yanzu in ga kure in bar shi?" Na ce ka bar shi a inda yake, ka sa lamba, ka faɗi daidai ɗin a ƙasan shafi. Kuren nan shaida ne. Yana iya nuna cewa shifta aka yi wa mai kwafin yana rubuta abin da kunnensa ya ji, yana iya nuna harshen da ya tashi da shi. Idan ka goge shi ka goge mutumin. Haka layi ya ƙare inda nasa ya ƙare, abin da gara ta ci a sa shi cikin baka da ɗigo-ɗigo, kada a cike shi daga bugun kasuwa.

Mun fara muƙabala da babin alwala na Risala, kwafi uku, biyu daga gidan Malam, ɗaya daga hotunan Segu. Na koya musu alamomin da masu kwafi ke bari a gefe: sahha inda aka cike abin da ya faɗi, balaga inda mai duba kwafi da asali ya tsaya, harafin kha inda ake nuna yadda wani kwafin ya zo. Rukuni ɗaya har sun gano cewa biyu daga cikin ukun sun tsallake jimla ɗaya a wuri ɗaya, tsakanin kalmomi biyu masu kama. Na tambaye su me hakan ke nufi. Suka ce ɗaya daga ɗayan aka kwafa. Na ce ko kuma dukansu daga wani na uku da ba ya hannunmu, ko kuma, tunda wurin mai santsi ne, kowa ya zame da kansa. Su nemo kuskure na biyu da suka yi tarayya a kai, irin wanda mutum biyu ba za su yi shi da kansu ba, kafin su yanke hukunci.

24 ga Maris

Zama na ƙarshe kafin hutun Sallah. Siffantawa da kwafi da aikin hannu duk an ba su maki, waɗanda aka mayar wa aiki sun sake kawowa, kuma wannan karon da ma'auni a ciki. Kare aiki da baki ya kai rabi.

Na rubuta wa tsangaya neman mota don kai ajin Arewa House a Kaduna bayan hutu, su ga yadda cibiya ke lissafa littattafai da adana su, su gwada nasu siffantawar da ta ma'aikatan wurin. Na kuma tsara tambayar farko ta jarrabawa: hoton shafin da ba su taɓa gani ba, da ma'auni a gefe, da hoton warƙar a gaban haske, a ce su faɗi abin da za a iya tabbatarwa da abin da ba za a iya ba.

Saurayin nan ɗan allo ya ɗauki nauyin mayar da siffantawar littattafan Malam zuwa ajami a lokacin hutu, don mu kai masa kwafi ya ajiye a adakar, tare da farin ƙyallen auduga da ajin ya yi karo-karo ya saya na naɗe tadarishin da igiyarsu ta tsinke. Muƙabala za a karɓe ta ranar 14 ga Afrilu, kowane rukuni da jadawalin saɓaninsa da shafi ɗaya na bayanin dangantakar kwafin uku.